Kyamara marar madubi za ta tsaya mini a madadin kyamarar bidiyo?

Tambaya: Ni mai ɗaukar hoto ne, na kai shekara bakwai ina aiki da tsohuwar DSLR, wato kyamara mai madubi a ciki. Yanzu kusan duk wanda ya ba ni aiki sai ya ce a haɗa masa da bidiyo: hira da mutane, taron da kan kai awa biyu, da gajerun bidiyo na Instagram da TikTok. Ina son sayen ɗaya daga cikin sababbin kyamarori marasa madubi masu yin hoto da bidiyo. Sai ganin 6K da 8K da RAW nake yi a jikin talla. Da gaske sun isa su riƙe aikin bidiyo? Kuma lallai sai mai 8K zan nema?

Amsa: Malam, sun isa, kuma ba sai mai 8K ba. Sai dai ramin da mutane ke faɗawa ba a wajen kyan hoto yake ba, don haka bari in warware maka zaren.

Gardamar kyan hoto an daɗe da wuce ta. Tun 2008 da kamfanin Canon ya fitar da 5D Mark II masu shirya fim suka fara ɗaukar kyamarar hoto suna aikin bidiyo da ita, duk da wahalar da take ba su. Panasonic ya kawo 4K a cikin GH4 a 2014, ya biyo da GH5 a 2017 mai naɗar kala mai zurfin bit 10 a katinta, a 2019 kuma Netflix ya saka S1H cikin jerin kyamarorin da ya yarda a yi masa aiki da su. Yau duk wata matsakaiciyar kyamara ta Sony, Canon, Nikon, Panasonic ko Fujifilm da ta fito a 'yan shekarun nan, in ka haska wuri yadda ya kamata, za ta ba ka bidiyon da mai aiki ba zai kushe ba. Abin da bai canza ba shi ne gangar jikinta. Don mai hoto aka ƙera ta: 'yar ƙarama, a rufe ruf saboda ƙura da ruwa, batir ɗan mitsitsi, sensa, wato farantin da ke karɓar haske, cike da fiksel, ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto. Kowanne daga cikin waɗannan alheri ne ga hoto, kuma kusan kowanne cikas ne ga bidiyo. Taura biyu ake son taunawa a lokaci guda, shi ya sa duk babbar lambar da ka gani a jikin kwali akwai sharaɗi a ƙarƙashinta da ƙananan haruffa. Wanda ya iya karanta sharaɗin nan ya gama rabin sayayya.

Mu fara da 8K ɗin da ka tambaya, don mu kawar da ita gefe. Hoton 4K fiksel 3840 ne a kwance, 2160 a tsaye, wato kusan miliyan 8.3. Na 8K kuwa 7680 da 4320 ne, kusan miliyan 33, ninki huɗu ke nan. Kafin kyamara ta iya ɗaukarsa sai sensanta ya kai wajen megafiksel 39 zuwa sama, shi ya sa kake samunsa a irin su Canon R5 mai 45, Nikon Z8 mai 45.7 da Sony A1 mai 50. Amfaninsa na gaskiya ɗaya ne a wurina: ka ɗauki mai hira daga nesa, wajen tacewa ka yanko fuskarsa kusa, ya zama kamar kyamara biyu ka kafa. To amma in ƙarshen aikinka 1080 ne, mai rabin faɗi da rabin tsayin 4K, wanda shi ne abin da yawancin mutane ke kallo a waya, 4K ma yana yi maka wannan hidimar daidai. Sannan ka dubi nauyin kayan. R5 tana rubuta 8K RAW, wato ɗanyen bayanin sensa da ba a sarrafa ba, a wajen megabit 2600 kowace daƙiƙa, wato gigabait 19 da ɗoriya a minti ɗaya. Katin gigabait 512 ba zai kai ka rabin awa ba. Taron awa biyu fa ka ce. Kuma don ka san yawan fiksel ba shi ne kyau ba, ARRI Alexa ta farko da ta fito a 2010, wadda aka ɗauki ɗimbin manyan finafinai da ita aka haska a silima, ko 4K ba ta kai ba.

Lambar da ta fi 8K muhimmanci kuwa ba a cika rubuta ta a kwali ba, ita ce saurin karanta sensa.

Yawancin sensa ba sa ɗauke hoto gaba ɗaya a lokaci guda. Layi-layi suke karantawa daga sama zuwa ƙasa, kamar yadda kake karanta shafin littafi. In abin da kake ɗauka ya motsa kafin karatu ya iso layin ƙarshe, sai saman hoton ya nuna shi a wani wuri, ƙasan ya nuna shi a wani wurin. Shi ya sa in ka juya kyamara da sauri sai ka ga turken lantarki ya karkace, ko fukafukan fanka sun lanƙwashe kamar lauje, ko bidiyon da aka ɗauka daga cikin mota yana karkarwa kamar ana girgiza ruwa a kwano. Ku masu aikin taro akwai wanda ya fi damun ku: in wani mai hoto ya harba filasha a gefenka, sai rabin firam, wato hoto guda daga cikin jerin da ke haɗa bidiyo, ya yi fari, rabi ya zauna yadda yake. A wajen hoto ba ka san wannan matsala ba saboda akwai ƙyauren ƙarfe da ke buɗewa ya rufe a gaban sensa. A bidiyo ƙyauren nan a buɗe yake zama, sensa ne kaɗai ke aiki.

Iyakar yawan fiksel, iyakar daɗewar karatu. Ɗauki kyamara biyu na kamfani ɗaya. Sony A7S III mai megafiksel 12 kacal tana gama karanta firam na 4K a ƙasa da milisakan 10. A7 IV mai megafiksel 33 tana haura milisakan 25 in ta yi amfani da faɗin sensa duka. Wadda ta fi kyau a hoto ita ce ta fi karkatar da turke a bidiyo. Maganin da injiniyoyi suka kawo shi ne sensa mai bene, inda ake ɗora na'urorin karatu da ma'ajiya a bayan sashen da ke karɓar haske, karatu ya yi sauri matuƙa. Shi ne a cikin Nikon Z8 da Z9, Sony A1, Canon R5 Mark II da Fujifilm X-H2S. Nikon Z6III ta 2024 ta tsaya a tsakiya da abin da za a kira mai rabin bene. Sony A9 III kuwa ta kashe maganar gaba ɗaya, tana karanta dukkan fiksel a lokaci guda, babu karkata ko kaɗan. Ita ma ta biya diyya: ISO ɗinta na tushe, wato ma'aunin yadda sensa ke jin haske, daga 250 yake farawa, kuma inuwarta ta fi saurin yin yashi idan aka kwatanta da takwarorinta.

Kyamarar da sensanta ba shi da sauri, in aka ce ta ba da firam masu yawa a daƙiƙa, dabara uku gare ta. Ko ta karanta sensa duka ta tace shi zuwa 4K, wanda shi ne mafi kaifi da tsabta amma shi ne mafi jinkiri da kawo zafi. Ko ta riƙa tsallake layuka ko haɗe fiksel, a samu sauri amma hoto ya yi laushi, riga mai ƙananan zane ta riƙa walwali da kalolin ƙarya. Ko kuma ta bar gefe-gefe ta karanta tsakiyar sensa kaɗai. Wannan ta ukun ita ke yi wa mutane ba-zata. A7 IV da Panasonic S5II duk suna da 4K mai firam 50 ko 60, gaskiya ne, amma da zarar ka zaɓe shi sai su datse hoton da kusan ninki 1.5. Lensinka na milimita 24 ya koma kamar 36. Kana cikin ƙaramin ɗaki, bayanka ya riga ya jingina da bango, ka ce bari ka ɗauki wani abu a hankali-hankali, sai ka tarar rabin mutanen sun fita daga hoto. Don haka in ka ga an rubuta 4K 60, tambayarka ta gaba ita ce: da faɗin sensa duka ne ko a datse? An tace ne ko an tsallake layi? Kyamara biyu na iya ɗauke da lamba iri ɗaya, abin da suke bayarwa ya yi hannun riga.

Yanzu zafi, wanda a aikinka na taro shi ne babban abin tsoro.

Na taɓa kafa wata marar madubi a bayan zaure ina ɗaukar jawabi. Na gwada ta a gida da daddare, ta yi sama da awa ɗaya lafiya lau. Ranar aiki zauren ya cika, iska ba ta zagayawa, rana kuma ta shigo ta taga ta sauka a kanta. Wajen minti arba'in alamar zafi ta fito, bayan ɗan lokaci ta kashe kanta, daidai lokacin da mai jawabi ya shiga abin da aka taru dominsa. Abin da ya cece ni na'urar naɗar murya ce da na ajiye daban, da wata tsohuwar kyamara da na kafa a gefe ba don na ɗauke ta da muhimmanci ba. Laifina ne, don gwajin dare a ɗaki mai sanyi ba gwaji ba ne.

Dalilin a fili yake. Sensa da ƙwaƙwalwar kyamara suna sarrafa ɗaruruwan miliyoyin fiksel kowace daƙiƙa, kati yana ɗumi, batir yana ɗumi, duk a cikin akwatin da aka toshe kowace kafa tasa. Zafin ba shi da hanyar fita sai ta jikin ƙarfe. Lokacin da R5 ta fito a 2020, Canon da kansa ya bayyana cewa 8K ɗinta kan yi kimanin minti 20 kafin ta tsaya, a yanayin zafi na digiri 23. Abin da ya fi ɓata wa mutane rai ma shi ne daɗewar da take yi kafin ta huce. An sassauta matsalar daga baya ta hanyar sabunta manhajar cikinta, amma duka masana'antar ta ɗauki darasi. Dubi abin da ya biyo baya: Sony FX3 ta 2021 kusan A7S III ce aka sauya wa gida aka saka mata fanka, Canon R5 C ta 2022 haka, Panasonic ya saka fanka a GH6 da S5II, Fujifilm ya yi wata da ake ɗaurawa a bayan X-H2S, R5 Mark II kuma an yi mata mariƙi mai fanka da ake saye daban. In aikinka dogo ne, fankar nan ta fi maka kowace lamba amfani.

Ka lura da digiri 23 ɗin nan, domin alƙaluman da kamfanoni ke bayarwa a irin wannan yanayi ake auna su, yawancin kyamarori kuma iyakar da aka rubuta musu ta aiki digiri 40 ce. Wanda ke aiki a waje da tsakar rana lissafinsa daban. Akwai 'yan dabaru da ke ƙara lokaci: ka janye allon kallo daga jikin kyamara don bayanta ya sha iska, ka yi mata inuwa, ka ciyar da ita wuta daga waje ta batirin ƙarya mai waya, ka sauko daga firam 50 zuwa 25. A Sony akwai wurin da ake ɗaga ma'aunin zafin da take kashe kanta, kuma duk mai aikin bidiyo da ita nan yake fara zuwa. Kada kuma ka haɗa wannan da tsohuwar iyakar minti 29 da daƙiƙa 59 da ka sani a DSLR ɗinka. Waccan ba ta zafi ba ce, ta haraji ce: Tarayyar Turai tana ɗora wa na'urar da ke naɗar minti 30 zuwa sama haraji irin na kyamarar bidiyo, sai kamfanoni suka riƙa tsayar da nasu saura daƙiƙa ɗaya. An janye harajin, yawancin sababbin kyamarori sun rabu da iyakar, amma ka duba taka, don akwai waɗanda suka fito da ita har a 2020.

Sai maganar kala. Bit 8 yana raba kowace kala ta tushe gida 256, bit 10 kuma gida 1024. A ido ba lallai ka bambance su ba in an ɗauka an saka haka nan. Bambancin yana fitowa ne in ka fara ja da matsawa wajen gyaran kala: sararin sama ko farin bango a bit 8 sai ya tsattsage ya yi hawa-hawa kamar matakala. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma ba zan ba ka shawarar sayen kyamarar da ba ta naɗar bit 10 a cikinta ba a yau. Da shi ne ake cin moriyar Log, wato S-Log3 na Sony, C-Log na Canon, N-Log na Nikon, V-Log na Panasonic, F-Log na Fujifilm. Log yana matse tazarar da ke tsakanin wuri mafi haske da mafi duhu cikin fayil, hoto ya fito fari-fari kamar an wanke shi, sai a kwamfuta a dawo masa da rai. Da shi kake iya ɗaukar mutum a gaban taga, fuskarsa ta fito, abin da ke waje ma bai ƙone ba.

Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Log yana tilasta maka ISO mai tsawo, a A7 IV misali daga 800 yake farawa. A bidiyo kuma ba ka da 'yancin da ka saba da shi na ƙara saurin ƙiftawa, wato rage tsawon lokacin da haske ke shiga kowane firam, yadda ka ga dama. Ƙa'idar da aka saba ita ce saurin ƙiftawa ya ninka yawan firam: firam 25, ƙiftawa 1/50. In ka kai shi 1/2000 motsin mutane sai ya riƙa tsalle-tsalle, ya rasa santsin da ido ya saba da shi. To yi lissafi da ƙa'idar rana da ka sani tun kana koyo. A ISO 800 da tsakar rana, f/16 na tafiya ne da 1/800. Saukowa zuwa 1/50 mataki huɗu ne, buɗe lensi daga f/16 zuwa f/2.8 don baya ya dushe mataki biyar ne. Hasken da ya yi maka yawa mataki tara ke nan. Babu mai ɗauke shi sai baƙin gilashin rage haske, ND. Kyamarorin bidiyo na ainihi irin su Sony FX6 da Canon C70 da shi a cikinsu, maɓalli kawai ake dannawa. Marar madubi irin wadda kake nema ba ta da wurin saka shi, don tazarar da ke tsakanin lensi da sensa ƙyauren hoto da na'urar hana girgiza sun cinye ta. Dole ka ɗaura shi a bakin lensi, ka shiga ɗaki ka cire, ka fito ka mayar, za ka ɗauki hoto ka sake cirewa. Wannan ɗan abu shi ne ya fi gajiyar da ni a aikin da ake haɗa hoto da bidiyo, fiye da duk abin da ake gardama a kai.

Ra'ayina a nan ba kowa zai so shi ba: taron awa biyu a zaure mai daidaitaccen haske bai buƙatar Log, balle RAW. Zaɓi kalar da kyamara ke gamawa da kanta, irin S-Cinetone ko Eterna, ka saita farin haske da hannu, ka huta. Ajiye Log don wurin da haske da duhu suka yi nisa da juna. RAW kuwa yana ba ka damar gyara farin haske bayan an gama, amma yakan zo da yashinsa ba a share ba, sau da yawa ba a gyara karkatar lensi ba, kuma ba kowace manhajar tacewa ke buɗe kowane iri ba. Bai taɓa gyara wurin da aka haska da ganganci ba.

Tun da mun taɓo 1/50, ka kula da wutar lantarkin inda kake. Turai, Afirka da mafi yawan Asiya wutarsu na bugawa sau 50 a daƙiƙa, Amurka da Kanada sau 60. Fitilu da yawa suna ƙyaftawa daidai da wannan bugun ko da ido bai gani ba. A ƙasar 50 ka tsaya a firam 25 ko 50 da ƙiftawa 1/50 ko 1/100, in ba haka ba ka ga baƙaƙen layuka suna yawo a hoto.

Kati da kwamfuta su ne kuɗin da ba a faɗa wa mai saye. Raba megabit da takwas ka samu megabait: fayil mai megabit 400 megabait 50 ne a daƙiƙa, gigabait 180 a awa. Katin SD mai alamar V60 ya yi alkawarin megabait 60 a daƙiƙa ba yankewa, V90 kuma 90. Babbar lambar da ake bugawa a fuskar kati yawanci ta saurin karantawa ce, ba ita bidiyo ke dubawa ba. Manyan tsare-tsare sai katin CFexpress, nau'in A a Sony, nau'in B a Canon, Nikon, Fujifilm da Panasonic, kuma ba sa shiga ramin juna. Abin mamaki, ƙaramin fayil ya fi wahalar da kwamfuta. Fayil na tsarin H.265 mai bit 10 da cikar kala ta 4:2:2 a matse yake ƙwarai, kwamfutar da ba ta da sashen warware shi a jikinta sai ta riƙa sarƙewa ko da tana da ƙarfi. Kwamfutocin Apple masu M1 zuwa sama suna tafiya da shi sumul, wasu da yawa ba sa iyawa. Fayil na tsarin ProRes kuwa ƙato ne amma sauƙin tacewa gare shi. Kafin ka sayi kyamara, nemo fayil ɗin gwaji nata ka jefa a kwamfutarka ka gani. In ta sarƙe, akwai mafita ta yin ƙananan kwafi a tace da su, wasu kyamarorin ma suna naɗar kwafin tare da babban.

Fokas ba zan daɗe a kai ba, don nan ne aka fi samun nasara. Sony da Canon sun daɗe suna bin ido, Nikon ya kamo su, Panasonic da ya daɗe yana jan ƙafa ya shigo sahu da S5II a 2023. Mutum ɗaya zaune yana hira, ka bar mata, ta fi hannunka. Inda take ruɗewa shi ne wurin jama'a: wani ya gifta ta gaba sai ta sake mai magana ta bi shi. Akwai wurin saita yadda take riƙewa da saurin da take sauyawa, ka rage su duka biyu, a jawabi kuma mai magana na tsaye wuri ɗaya ka kulle fokas da hannu. Tsofaffin lensinka za su hau ta adafta, na Canon EF a kan RF, na Nikon ta FTZ, sai dai tsofaffin AF-D na Nikon ba za su yi fokas da kansu ba. Ka sani kuma lensin hoto yana da halaye da ba ka taɓa lura da su ba: wani injinsa na ƙara har makirfo ya ɗauka, wani hoton na ɗan faɗaɗa ya tsuke duk sanda fokas ya motsa kamar yana numfashi, mafi yawan masu zuƙowa kuma fokas na kuɓuce musu in ka zuƙo ana cikin ɗauka.

Na'urar hana girgiza ta cikin jiki tana da kyau in kana tsaye. In kana tafiya ba ta kai gimbal ba, wato mariƙi mai inji da ke daidaita kyamara, da lensi mai faɗi sosai kuma kusurwoyin hoto sukan riƙa lanƙwasa. Wadda ake ƙarawa ta lantarki tana ƙara datse hoto.

Ɗan hakin da ka raina kuwa shi ne sauti. Mutum zai jure kallon hoto mai ɗan yashi, amma ba zai jure muryar da ke amsa-kuwwa ba, minti ɗaya ya wuce. Makirfon jikin kyamara na shaida ne kawai, don daidaita murya da hoto wajen tacewa. Ramin da aka ba ka ɗan ƙarami ne na milimita 3.5, ba ya kullewa, ba ya ba manyan makirfo wutar da suke buƙata. Sony da Panasonic suna da akwatin XLR, mai ramin manyan makirfo, da ake ɗorawa a saman kyamara, Tascam ma yana yin irinsa wa wasu. Panasonic GH7 da akwatinta na XLR2 har tana naɗar sauti a tsarin bit 32 wanda da wuya ya fashe ko mai magana ya daka tsawa. Ko wace ka saya, tabbatar tana da ramin abin saurare na kunne, don akwai ƙanana da ba su da shi, kuma ɗaukar hira ba ka jin abin da ke shiga tuƙi ne ido rufe. Haka ramin HDMI, mai kai hoto zuwa allon waje: nemi babba. Ƙaramin nan da ke jikin wasu, waya ta ɗan motsa hoto ya ɗauke, in aka yi rashin sa'a ramin ya karye.

Ga bidiyonka na TikTok da Instagram akwai abu ɗaya da ya cancanci nema. Wasu kyamarori suna naɗar sensa duka a siffarsa ta asali maimakon su yanke sama da ƙasa. S5II tana yin 6K a siffar 3:2, X-H2S tana yin 6.2K. Daga ɗauka ɗaya sai ka fitar da na kwance don YouTube da na tsaye don waya, duka da isasshen kaifi. Wannan ya fi maka 8K amfani nesa ba kusa ba. Sharaɗinsa shi ne yawanci ba ya wuce firam 30, kuma karatun sensa ya fi jinkiri saboda layukan sun ƙaru.

Da ni ne a matsayinka, ajin megafiksel 24 zuwa 33 zan duba. Ya ishi hoton taro har a buga shi babba, sensan bai cika nauyin karatu ba, fayil bai fi ƙarfin kwamfuta ba. Zan tsaya a kan 4K mai bit 10 a firam 25 da faɗin sensa duka, in san ko nawa take datsewa a firam 50, in tabbatar ba ta da iyakar minti, in fifita mai fanka, in kuma duba cewa tana rubuta bidiyo a kati biyu lokaci guda, don wasu masu rami biyu hoto kaɗai suke kwafa. Kamfanin da kake da lensinsa shi zan fara dubawa, don a wannan aji tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai ta sauya lensi duka ba.

Abu ɗaya dai babu kyamarar da za ta warware maka shi. Tana iya hoto, tana iya bidiyo, amma ba a lokaci guda ba. Muddin tana kan ƙafa-uku tana naɗar jawabi, ba ka da abin ɗaukar hoton masu sauraro. Saboda haka kada ka sayar da DSLR ɗinka, ita za ta ci gaba da hoto ranar taro. In kuma ka ga dogayen taruka sun zama su ne rabin aikinka, kyamarar bidiyo ta ainihi mai lensi a jiki, da ND da XLR da babban batir, za ta fi ba ka kwanciyar hankali a bayan zaure, ko da hotonta bai kai na marar madubi dushewar baya ba. Mai jawabi ba ya buƙatar bayansa ya dushe.

Ranar da ta iso hannunka, kafin ka karɓi aikin kowa da ita, kafa ta da rana a ɗakin da ba sanyi, da katin da za ka yi aiki da shi, a tsarin da za ka yi aiki da shi, ka danna ta ka bar ta awa biyu da rabi. Rubuta mintin da alamar zafi ta fito in ta fito, da mintin da batir ya mutu, da gigabait nawa ta ci. Sannan ka kwashe fayil ɗin ka tace minti biyar daga ciki a kwamfutarka, ka tura wa wayarka ka kalla da abin saurare a kunne.